Azara, Noti da Jijjiga: Tarihin Binciken Mahaɗar Ƙarfe

Maginan Hausa suna kiran tsagin giginyar da ake kwantarwa bisa bango domin ɗaukar rufi da sunan azara. A wannan rubutu an ari kalmar an ba duk wani dogon ƙarfe da ake kwantarwa domin ya ɗauki nauyi, ko a gada, ko a bene, ko a fiffiken jirgin sama. Babu maƙerar da za ta iya fitar da ƙarfe guda mai tsawon gada, saboda haka tilas a yi shi guntu-guntu sannan a haɗa. Wurin da guntu biyu suka gamu shi ne mahaɗa. Abin da ke riƙe su kuwa ƙusa ce mai zare a jiki wadda ake murɗa wa noti, makanikai kuma sukan taƙaita su kira duka biyun noti. Tambayar da ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya ita ce: idan azara ta ɗauki jijjiga, me mahaɗar nan ke yi mata?

Azarar da ke kan takarda

Lissafin azara ya girmi lissafin mahaɗa da ƙarnoni. A 1638 Galileo ya fitar da littafinsa na ƙarshe, a ciki ya zana gungumen da aka kafa kansa ɗaya cikin bango aka rataya masa nauyi a ɗaya kan, yana neman sanin nauyin da zai karya shi. A 1744 Leonhard Euler, bisa shawarar abokinsa Daniel Bernoulli, ya wallafa lissafin yadda siririn ƙarfe ke lanƙwasa da yadda yake kaɗawa. Daga aikin mutanen nan biyu aka fahimci cewa kowace azara tana da muryarta, wato adadin kaɗawar da take yi a cikin sakan guda idan aka buge ta aka ƙyale ta. Muryar ta dogara ga tsawo da kauri da taurin ƙarfen da nauyinsa. Idan aka rage tsawon tsirkiyar molo da rabi, muryarta takan ninka sau biyu; azara kuwa idan aka rage tsawonta da rabi, tata muryar ninkawa take sau huɗu. A 1921 Stephen Timoshenko ya gyara lissafin domin ya dace da gajerun azaru masu kauri.

Sai dai lissafin nan yana da sharaɗi. Dole mai lissafi ya faɗi yadda aka riƙe kawunan azarar, kuma zaɓin da aka saba bayarwa na gefe biyu ne: ko dai an ɗaure kan tamau ba ya motsi ko kaɗan, ko kuma an sa shi a kan ƙusa yana juyawa yadda ya ga dama kamar ƙyauren ƙofa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Azarar da aka ɗaure kawunanta biyu tamau, muryarta ta farko ta fi ninki biyu na muryar irinta da aka bar wa kawuna suna juyawa. Mahaɗar noti ta zahiri ba wannan ba ce, ba kuma waccan ba. Tana wani wuri a tsakani, lissafin kuwa bai faɗi inda take ba. Akwai kuma giɓi na biyu. A kan takarda, azarar Euler idan ta soma kaɗawa ba ta dainawa har abada. A zahiri kowa ya san ƙarfen da aka buga yakan yi amo ya lafa. Ina ƙarfin jijjigar ke tafiya? Guillaume Amontons a 1699, da Charles-Augustin de Coulomb wanda ya ci kyautar majalisar masana ta Paris a 1781, sun riga sun tsara ƙa'idojin gogayya tsakanin abu biyu masu zamewa a kan juna. Amma an yi fiye da ƙarni guda kafin a gane cewa amsar tambayar azara tana cikin waɗannan ƙa'idoji.

Gadoji biyu a Birtaniya

Kafin masana su kai ga bayani, haɗurra sun riga sun yi gargaɗi. Ranar 12 ga Afrilu 1831 wasu sojoji 74 suna komawa bariki, suka hau gadar lilo ta Broughton da ke bisa kogin Irwell kusa da Manchester. Da suka ji gadar tana amsa takunsu sai abin ya ba su sha'awa, suka ƙara buga ƙafa tare. Ba su kai ƙarshe ba gadar ta ɓalle ta gefe guda, kimanin 40 daga cikinsu suka zuba a ruwa. Allah ya taƙaita, ruwan ba shi da zurfi, ba a rasa rai ba, sai karaya da raunuka. Bincike ya nuna ƙusa guda ce ta tsinke a wurin da aka ɗaure ɗaya daga cikin sarƙoƙin gadar da tubalin ƙasa, kuma tun a maƙera ba a ƙera ta da kyau ba. Darasin da duniya ta riƙe daga Broughton shi ne sojoji su karya taku idan za su haye gada. Darasin ƙusar bai samu irin wannan farin jini ba.

Labarin gadar Tay ta Sukotilan ya fi muni, ya kuma fi koyarwa. An buɗe ta a 1878, tsawonta ya haura kilomita 3, a lokacin babu gadar da ta kai ta tsawo a duniya. Sarauniya Victoria ta haye ta a 1879 ta kuma karrama injiniyan da ya tsara ta, Thomas Bouch. Ginshiƙanta bututun ƙarfen zubi ne, an ɗaure su da juna da sanduna masu gicciye na ƙarfen ƙira. Kowace sanda tana liƙe da wani kunne da aka zuba tare da ginshiƙin, ƙusa ta ratsa kunnen da sandar, a ɗaya kan kuma akwai ƙarafan matsi masu siffar bakin gatari da ake bugawa su ja sandar ta ɗame. Ramukan kunnuwan ba a huda su da inji ba. Yadda suka fito daga zubi haka aka bar su, baki guda ya fi ɗaya faɗi. Ga shi kuma ƙusoshin sun yi wa ramukan ƙanƙanta, ƙusa mai inci ɗaya da ɗaya bisa takwas a ramin inci ɗaya da kwata. Ke nan ƙusar ba ta zauna da dukan jikinta ba, a kan baki kawai ta dogara, kowane jirgi da ya wuce kuma yana ƙara cin wurin.

Mutumin da aka ɗora wa duba gadar, Henry Noble, gwanin bulo da dutse ne, ba na ƙarfe ba. Watanni kaɗan bayan buɗewa ya soma jin wasu mahaɗai suna ƙaras-ƙaras idan jirgi ya hau. Maimakon ya sa a sake ɗame sandunan ko ya kai wa Bouch labari, sai ya yanko guntayen ƙarfe ya cusa a giɓin. Ƙarar ta ɗauke, sandunan kuwa suna nan a sake yadda suke. Babu wanda ya zarge shi da mugun nufi, ya yi abin da hankalinsa ya ba shi ne. Amma a tarihin wannan fanni da wuya a sami misalin da ya fi wannan nuna haɗarin rufe bakin alama a bar cutar. Masu fenti da suka yi aiki a gadar sun ba da shaida daga baya cewa tana girgiza sosai idan jirgi ya zo da gudu, wasu fasinjoji kuma sun ce direbobi na wuce iyakar mil 25 a awa da aka gindaya.

Daren Lahadi 28 ga Disamba 1879, ana iska mai tsanani, azaru 13 na tsakiyar gadar suka faɗa ruwa tare da jirgin da ya nufi Dundee. Babu wanda ya tsira. An tabbatar da sunayen mamata 59, ƙiyasin lokacin kuwa ya kai 75. Shugaban kwamitin bincike, Henry Rothery, ya ɗora laifin a kan tsarin gadar da gininta da kulawarta baki ɗaya, Bouch kuma bai cika shekara ba ya rasu. Har yau masana na jayayya a kan ko iskar ce kaɗai ta kayar da ita, ko gajiyar ƙarfe ce ta daɗe tana tsaga kunnuwan. Duk ɓangarorin dai sun yarda cewa gadar da ta tsaya a daren ba ita ce gadar da ke cikin lissafin Bouch ba, domin mahaɗanta sun riga sun sake.

Daga ribiti zuwa noti mai ƙarfi

Injiniyoyin ƙarni na 19 ba su amince da noti ba a manyan gine-gine, duk da cewa Joseph Whitworth ya daidaita ma'aunin zarensa tun 1841. Ribiti suka fi so. Ana gasa shi ya yi ja, a zura a rami, a daddage kansa da guduma. Idan ya huce sai ya tsuke ya matse farantan biyu. Hasumiyar Eiffel da aka gama a 1889 ta ci ribiti kimanin miliyan biyu da rabi, kowanne kuma sai da mutum huɗu. Aikin ga tsada ga ƙara, kuma ba mai iya faɗin ƙarfin matsin da kowane ribiti ya bayar.

A 1934 Batho da Bateman suka ba da rahoto a Birtaniya cewa noti na ƙarfe mai inganci, idan aka ɗaure shi sosai, zai iya hana farantai zamewa. A 1938 Wilson da Thomas na Jami'ar Illinois suka gwada, suka ga irin wannan mahaɗa tana jure maimaicin nauyi kamar ribiti ko fiye. A 1947 aka kafa majalisar bincike a kan mahaɗan ribiti da noti a Amurka, a 1951 kuma ta fitar da ƙa'idar da ta yarda a sa noti guda a gurbin ribiti guda. Hikimar ita ce, ana miƙe ƙusar da murɗi har ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta, ta zama kamar igiyar kalangu da aka matse, sai gogayyar da ke tsakanin farantan ta ɗauki nauyin, ba jikin ƙusar ba. Amma nan ma akwai tarko. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da mai sifana ke sawa yana ƙarewa ne wajen yaƙi da gogayyar zare da ta ƙarƙashin noti, abin da ya rage ne kawai ke miƙe ƙusar. Ɗigon mai ko ɗan tsatsa ya isa ya sa noti biyu da aka ɗaure da awo ɗaya su bambanta a matsi da kwata ko fiye.

Zamewar da ido ba ya gani

A nan ne Coulomb ya gamu da Euler. Carlo Cattaneo a Italiya a 1938, da Raymond Mindlin na Jami'ar Columbia a 1949, kowanne a nasa ɓangaren, suka nuna cewa abu biyu da aka matse ba sa jira sai ƙarfi ya kai iyaka sannan su zame gaba ɗaya. Tun daga ƙaramin turi, gefen wurin da suka haɗu yakan soma zamewa, tsakiya tana liƙe. A mahaɗar noti ma haka ne: matsi ya fi yawa a gindin ƙusa, yana raguwa yayin da aka nisance ta, saboda haka bakin farantan yana ta goga juna da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba, alhali mai kallo na ganin komai a ɗaure.

Wannan ƴar zamewa ita ce ta amsa tsofaffin tambayoyin nan biyu. Duk gogawa tana mayar da ɗan ƙarfin jijjiga zafi, shi ya sa gini ke lafawa. C. F. Beards na Landan ya ƙiyasta cewa a ginin da aka harhaɗa da noti, mahaɗai na iya shanye har kashi 90 cikin 100 na jijjigar da ke ɓacewa, jikin ƙarfen kansa ɗan kaɗan yake sha. Sannan yayin da jijjiga ta ƙaru, yankin da ke zamewa yana faɗaɗa, mahaɗar ta yi laushi, muryar azarar ta sauka. Ke nan azara mai mahaɗa ba ta da murya guda tsayayya; muryarta ta dogara ga ƙarfin bugun da aka yi mata. A 1956 Goodman da Klumpp, suna nazarin fuka-fukan farfelar injin jirgin sama, suka gwada azara mai falle biyu da aka matse, suka gano wani abin da ya saɓa wa tunanin makaniki. Idan matsi ya yi yawa babu zamewa, ba a shanye komai. Idan ya yi kaɗan akwai zamewa amma babu gogayyar kirki. Shanyewa mafi yawa tana tsakani. Tauri da lafawa kishiyoyi ne a gida ɗaya, wanda ya ƙara wa ɗaya ya rage wa ɗaya. A shekarun 1960 Eric Ungar da Gideon Maidanik suka ƙara da cewa a jijjiga mai sauri sosai, iskar da ke shiga tana fita tsakanin farantai ita ma tana shan nata rabon.

Bahaushe idan ya ce notin wani ya kwance, hankalinsa yake nufi, kuma karin maganar ya ɗauka cewa noti na kwancewa da kansa. Dalilin hakan bai fito fili ba sai 1969, lokacin da injiniyan Jamus Gerhard Junker ya wallafa sakamakon gwajinsa. Waɗanda suka gabace shi sun fi jijjiga noti ta tsawonsa, ba su kuma ga kwancewa mai yawa ba. Junker ya jijjiga farantan ta gicciye. Da zarar kan ƙusar da zarenta suka zame gefe, gogayyar da ke hana noti juyawa takan ɓace na ɗan lokaci, sai gangaren zaren ya tura shi baya kaɗan; a maimaita haka sau ɗaruruwa, matsi ya tafi. Injin da ya ƙera ya zama ma'aunin da ake gwada makullan noti da shi har yau, kuma ya tona asirin washa mai tsaga wadda aka daɗe ana dogaro da ita: littafin jagora na hukumar NASA na 1990 ya bayyana cewa ba ta kulle komai da zarar ta baje. Cewa matsalar ba ta zama tarihi ba, haɗarin jirgin ƙasa na Potters Bar a Ingila ya nuna, ranar 10 ga Mayu 2002, inda aka sami notocin sandunan canjin layi a kwance, mutum 7 suka rasu.

Auna abin da ba a iya buɗewa

Wahalar mahaɗa ita ce ba a iya leƙa cikinta tana aiki. Wanda ya buɗe ta ya rushe abin da yake son gani. Dole a yi irin ta mai sayen tukunya, a ƙwanƙwasa a saurara. Abin da ya mayar da wannan sauraro kimiyya shi ne dabarar lissafi mai sauri da James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965, wadda ta ba kwamfuta damar rarrabe muryoyin da ke cakuɗe cikin amo guda. Ana rataye azara da igiyoyi masu laushi, a manna mata ƴan na'urori masu jin motsi, a buge ta da guduma mai auna ƙarfin bugu. Daga nan a fitar da muryoyinta, da siffar lanƙwasar kowace murya, da saurin lafawarta. Littafin D. J. Ewins na 1984 shi ne ya zama jagoran wannan sana'a.

Sai a juya lissafin Euler baya. Maimakon a ce ga mahaɗa, mece ce murya, sai a ce ga murya, wace irin mahaɗa ce za ta haifar da ita? Ana wakiltar mahaɗar da sifirin na tunani, ɗaya mai hana zamewa, ɗaya mai hana lanƙwasa, a yi ta gyara ƙarfinsu a kwamfuta har lissafi ya dace da awo. Wata hanyar kuma, irin wadda Tsai da Chou suka bi a 1988, ita ce a auna kowane guntu shi kaɗai, a auna su a haɗe, a cire wannan daga wancan, abin da ya saura shi ne mahaɗar. A faɗe abin da sauƙi. A aikace ƙaramin kuskuren awo yakan kumbura ya cinye amsar, juyawar ƙarfe kuma ta fi zamewarsa wuyar aunawa. Har ila yau, ba kowace murya ce ke jin mahaɗar ba: idan mahaɗar ta faɗo a wurin da wata murya ba ta lanƙwasa azarar, wannan muryar za ta fito kamar babu mahaɗa sam, mai binciken da ya dogara da ita kuwa zai koma gida da labarin ƙarya.

Sifirin mai ƙarfi guda kuma ba ya iya kwaikwayon mahaɗar da ke laushi idan bugu ya ƙaru. Maganin ya fito daga wani fanni. A 1966 Wilfred Iwan na Caltech, masanin girgizar ƙasa, ya tsara kwatancin sifirin masu yawa a jere, kowanne da ɗan takalmin da ke zamewa idan turi ya kai nasa haddi, wasu da wuri, wasu a makare. Bayan Amurka ta dakatar da gwajin makaman nukiliya a 1992, ɗakin bincike na Sandia da ke New Mexico ya shiga neman hanyar tabbatar da lafiyar kayan da ke cike da notoci ta kwamfuta kawai. A can Daniel Segalman ya taƙaita kwatancin Iwan zuwa lambobi huɗu da ake iya samowa daga gwaji, ya wallafa a 2005.

Wasu injiniyoyin kuma suka ga cewa abin da ake gudu yana iya zama abin nema. Avtar Pall a Kanada a shekarun 1980, da Egor Popov da ɗalibansa a Berkeley a farkon shekarun 1990, sun ƙera mahaɗai masu dogayen ramuka da gangan, na Popov har da fallen tagulla a tsakani. A ranakun lafiya mahaɗar tana riƙe tamau. Idan girgizar ƙasa ta zo sai ta zame ta shanye ƙarfin da zai karya ginshiƙi.

Domin ɗakunan bincike su iya kwatanta sakamakonsu, Matthew Brake da Pascal Reuss sun tsara wata azara ta gwaji wadda yanzu ke ɗauke da sunayensu: guntu biyu na ƙarfe, tsawonsu a haɗe kimanin santimita 72, bakin ɗaya ya hau bakin ɗaya, noti 3 na riƙe da su. Da wuya a sami gini mafi sauƙi. An auna ta a jami'o'i da dama a Amurka da Turai, kuma abin da ya fi jan hankali a sakamakon shi ne, idan aka kwance ta aka sake ɗaurewa da notocin nan dai, da sifana mai awo, a lamba ɗaya, muryarta takan ɗan gusa, saurin lafawarta kuwa yakan sauya sosai. An bi sawun dalilin har zuwa tudu da kwarin da injin sassaƙa ke bari a fuskar ƙarfen, waɗanda tsayinsu bai wuce ƴan sassa cikin dubu na milimita ba, da kuma wanda aka fara ɗaurewa a cikin notocin uku.